Wanda Ya Fasa Dutsen Niƙan Iya

Ku 'ya'yana, duk kun taso kuna jin cewa jaki ne ya fasa dutsen niƙan kakarku. Gwaggonku Yagana tana ba da labarin har da kwaikwayon yadda jakin ya yi tuntuɓe, ko da yake ranar tana ɗakin mijinta a Birniwa. Jakin ya mutu tun kafin a haifi babbanku, bai sami wanda zai tsaya masa ba. Yanzu da kwanaki suka ja, ido kuma ya fara gajiya da karatu, na ga ya kamata in wanke shi. Ni na fasa dutsen, da hannuna, da guduma, ina cikin hankalina, kuma da takardar shaidar malanta a aljihuna.

Kafin ku yanke mini hukunci sai kun san irin ƙasar da aka haife mu. Ku da kuka yi karatu a yamma kuna tuntuɓe da dutse ku yi tsaki ku wuce. A ƙasar Haɗeja babu dutse. Ba cewa nake yana da wuyar samu ba, cewa nake babu. Mutum zai bi kogi tun daga Kafin Hausa har ya wuce Guri bai tsinci abin da zai jefi kare da shi ba sai hoge. Murhunmu laka ce aka dunƙula uku aka ƙona, masunta ma da ƙonanniyar laka suke nauyaya bakin birgi. Abin da Allah Ya ba mu iri biyu ne, yashi a tudu da laka a fadama, sai ruwa da yake zuwa ya raba su. Ruwan ma ba namu ba ne, a wata ƙasa aka yi shi. Sai damina ta yi nisa kogi yake kawo shi, ya cika bakinsa ya tumbatsa, ya bi kwari-kwari har garinmu ya zama tsibiri. A lokacin shinkafa da ciyawar burugu suke rige-rigen tsawo, bado ya rufe tafkuna, tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, su sauka ba su nemi iznin kowa ba. In ruwa ya janye laka ta tsage, gaiwa ta shige ƙarƙashi ta naɗe ta yi barcinta har wata shekara. Ƙasa ce mai kome, sai abu ɗaya.

Saboda haka duk dutsen da kuka gani a ƙasarmu wani ne ya ɗauko shi, kuma an san sunan wanda ya ɗauko. Na Iya, mahaifiyata, kakarta ce ta karɓe shi daga hannun fatake a musayar busasshen kifi, ta bar wa 'yarta, ita kuma ta bar wa Iya. Duwatsu uku ne a unguwarmu duka, namu ne mai laushin gari. Babana ya rasu ina ƙarami, bai bar mana shanu ba, amma gidanmu bai taɓa zama gidan maraici ba, saboda dutsen nan. Tun hantsi mata suke shigowa da ƙwaryarsu, su jera a inuwar rumfa, Iya ce mai cewa wance ce za ta durƙusa, wance ta jira. A nan ake jin auren da za a ɗaura da wanda ke shirin mutuwa, a nan ake sasanta maƙwabta. Dagaci yana da zaurensa, Iya tana da dutsenta, kuma ban tabbata wanne ya fi yanke shari'a ba.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da hali. “Wancan” take ce da ni. In tana da saƙo sai ta gaya wa ƙanenta Kawu Gambo, mai haƙar rijiya, ina tsaye a wurin. In Kawu ba ya nan sai ta gaya wa bango.

Shekarar da abin ya faru, ba a daɗe da gama yaƙin Turawa na biyu ba, aka turo ni koyarwa a elementaren garinmu. A littafin labarin ƙasa akwai darasi a kan duwatsu da tsaunuka. Yara suka haddace shi tas, suna rera shi kamar karatun allo. Da na tambaye su girman tsauni, suka yi shawara suka ce zai kai rumbun dagaci. Ban yi dariya sosai ba, don ni ma ta tagar jirgin ƙasa kawai na san tsauni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata rana a makarantar horon malamai da aka nuna mana ɓallin dutse, muka ga cikinsa ba kamar bayansa ba: ƙwayoyi ne farare da jajaye a manne, da wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Ga shi kuma an aiko cewa Baturen makaranta zai zo dubawa, mutumin da aka sani ba ya son malami ya faɗi abin da zai iya nunawa. Na duba gabas da yamma, dutse ɗaya ne nake da hanya da shi.

Na roƙi Kawu ya roƙar mini. Iya ta ce da shi:

“A gaya wa wancan, dutse ba ya karatu. Amma in yaran mutane za su ƙaru, ya ɗauka. Kafin rana ta take ina son abina, akwai masu jira.”

Ban gaya mata sauran shirin ba. Na ɗora shi a jakin Kawu da sassafe, na biya ta maƙera na ari guduma, na zagaya bayan aji kafin yara su taru. Niyyata in ɓalle 'yar kusurwa kamar girman babban yatsa, wurin da ba wanda zai lura. Ga lissafin da na yi, kuma ku lura lissafin mutumin fadama ne: tubali in ka bugi kusurwarsa kusurwar ce take fita, kanwa ma haka, gishirin Manga ma haka. Duk abu mai tauri da na taɓa bugawa a rayuwata haka yake yi. Ban san dutse yana da tasa hanyar da yake bi ya tsage ba, ban kuma yi tunanin cewa mata uku sun shekara da shekaru suna cinye tsakiyarsa har ta zama ba ta fi kaurin tafin hannu ba. Bugu na farko bai yi kome ba sai farin tabo. Na biyu ma haka. Na uku na ƙara ƙarfi. Ƙarar da ya yi ba ta kai ta fashewar ƙwarya ba. Kusurwar tana nan lafiya lau, dutsen kuwa ya rabu biyu ta tsakiya.

Zan faɗi abin kunyar gaba ɗaya tunda na fara. Na share gumi na kwashi ɓari biyun na shiga aji na koyar. Ban taɓa yin darasi mai kyau kamar na ranar ba, kafin nan ko bayan nan. Yara suka bi layi suna shafa cikin dutse, suna karkata shi ga rana don su ga ƙyalli. Bature ya rubuta yabo a littafin makaranta, ya ce malami ne mai dabara. Da ya tambayi inda na samo, na ce na gida ne.

Da na shigo gida da jaki, mata biyar ko shida suna zaune a rumfa da hatsinsu. Na sauke ɓari ɗaya, na sauke ɗayan. Iya ta taso ta duba, na ga idonta ya tsaya a kan farin tabon nan na kusurwa. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

“Jakin Gambo dama ba shi da ƙafa. Na sha faɗa.”

Matan suka shiga salati da jaje, aka tsine wa jaki, kowacce ta tuna ranar da ta ga yana ɗingishi. Bayan sun watse Iya ta durƙusa ta ɗora babban yatsanta a kan tabon, ta daɗe, sannan ta gaya wa bango cewa ita dai ba ta taɓa ganin jakin da ke yawo da guduma ba. Ba ta ƙara ambaton guduma ba har ta koma ga Allah.

Sai daga baya na fahimci abin da ta yi cikin ƙiftawar ido. A lokacin iyaye da ƙyar suke ba da 'ya'yansu boko, ana cewa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Malamin da ya sa guduma ya fasa dutsen uwarsa don ya ga abin da ke ciki, ai an gama samun hujja, ajin ya watse ke nan. Ga kuma maganar aurena da mahaifiyarku da aka fara, mutanen gidansu kuwa masu bincike ne. Iya ta auna duk wannan tana tsaye, ta ɗora wa wanda ba zai iya musu ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ban iya kallo ba. Gidanmu ya yi tsit. Matan suka koma gidan Ya Kolo, mai dutse na biyu, wadda ta shekara ashirin tana jiran irin wannan rana. Iya ma can ta koma, da ƙwaryarta a ka, ta zauna a layi a bayan yaran da ita ta yi musu wankan jego. Ba ta yi ƙorafi ba. Amma wata rana na dawo daga makaranta da azahar na tarar ta shigo da dawarta yadda ta fita da ita, layi bai kai kanta ba. Ta zuba a turmi ta kama daka ita kaɗai, a gidan da a da ba a jin maganar mutum saboda hayaniya. Labarin gari ma sai ya kwana biyu kafin ya iso mata. A 'yan watannin nan na ga ta tsufa.

Na ce da Kawu zan jira fatake. Ya ce fatake ba sa ɗauko mai kyau zuwa nesa, mai sauƙin ɗauka suke kawowa, irin wanda zai ƙare kafin a yaye yaro. In ina son dutse sai in je inda ake haihuwarsa. Da aka ba da hutu bayan kaka, ruwa ya janye hanya ta buɗe, muka kama hanyar garin Dutse, ni da shi da jakin da ake zargi, da ɓari ɗaya a cikin mangala don a ga irin wanda muke nema.

Tafiyar nan ita ce makarantar da ta fi amfanata. Daga Haɗeja zuwa Kafin Hausa da gaba, hanya hawa da sauka ce: ka hau jigawa mai jan yashi da gero da kalgo, ka gangara kwari mai baƙar ƙasa da goruba, ka sake hawa wata. Duk jigayin sun miƙe sun fuskanci waje ɗaya kamar kunyoyin gona. Na gaya wa Kawu abin da littafi ya ce, wai a wani zamani hamada ta sauko har nan, iska ce ta tara su. Ya ce bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne ba ya karɓar aikin rijiya a kan jigawa sai mai gida ya yi rantsuwa zai ci gaba da ciyar da shi. Sannan ya shiga lissafa mini abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu kamar mai karanta fatiha: yashi, sai laka mai danƙo, sai wata farar ƙasa mai kama da alli, sai yashi mai laushi, a nan ruwa yake. Ya ce ya haƙa rijiya ta fi gaba goma sha biyar bai taɓa cin karo da abin da ya mayar masa da bakin diga ba. Ya ce kuma a can ƙasa, a garin da ke nesa da kogi, ya sha tono katantanwa da ƙayar kifi.

Na yi farin ciki na ce wannan ya yi daidai da littafi, Tafkin Chadi ne a da ya fi haka girma, ƙasarmu duka gindin ruwa ce da ta cike.

“Ruwan Ɗufana dai, Malam,” in ji Kawu. “Amma in Bature ya ce Chadi ne, ba na musu da shi. Shi ma ai bai shiga ramin ba.”

A kwana na huɗu ƙasa ta fara sauya. Jakin ne ya fara sani, kofatonsa ya soma ƙara. Sai ga tsakuwa, sai marmara ja, sai wani falalen dutse shimfiɗe a tsakiyar hanya, mutane suna taka shi suna wucewa, wata mata ma ta shanya kuɓewa a kai. Kawu, mutumin da ya shekara talatin a cikin ƙasa, ya tsaya ya cire takalmi ya taka shi da tafin ƙafa. Ya ce a nan wurin akwai dutsen niƙan garinmu duka har jikoki, ga shi awaki suna kashi a kai. Da tsaunukan suka bayyana kuwa na tuna rumbun dagaci, na ji kunyar dariyar da na yi.

Aka kai mu wurin wani dattijo, Audu, mai sassaƙar duwatsun niƙa. Ya karɓi ɓarin namu ya juya shi, ya shafa kwarmin, ya ce wannan ya ci hatsin mutum uku. Sannan ya kai ga tabon. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya tambaya wane ne ya buga shi a nan. Kawu ya ce jaki ne. Audu ya leƙa waje ya dubi jakin da kyau, ya ce to a gaya masa nan gaba in zai ɓalli kusurwa ya jingina ta a kan yashi ya buga daga gefe, kada ya bar tsakiya a rataye.

Kwana uku muka yi muna kallon aikinsa. Wuta yake hurawa a kan falalen dutse har ya yi zafi, fatar dutsen ta ɗago, ya bi ta da ƙarfe yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Ya ce dutse yana da jijiya kamar itace, in ka bi ta ya ba ka abin da kake so, in ka saɓa mata ya ba ka abin da yake so. Wanda ya yi ƙara kamar tasa shi ne lafiyayye, mai amsawa kamar tulun da ya tsage a bar shi. Ya zaɓa mana ɗaya, ya daidaita shi, ya koɗa fuskarsa da makoɗi, ya haɗa mana da ɗan dutsen na hannu. Ya gargaɗe mu cewa sabon dutse yana zubar da tsakuwa, sai an hore shi da dusa kwana da kwanaki kafin a ba shi hatsin ci.

Ranar da za mu taso na gangara wani rafi a gindin tsaunin don in yi alwala. Na ɗebi yashin wurin, ina shirin watsarwa sai na duba tafina. Farare, jajaye, da baƙaƙe masu ƙyalli. Na zauna a wurin. Rana tana gasa dutsen nan, ruwa yana ɓarɓasa shi, rafi ya kai wa kogi, kogi ya yi ta niƙa shi a hanya har ya kawo mana, mai kaushi ya zube a tudu, mai laushi ya kwanta a fadama. Ashe ƙasarmu ba rashin dutse take yi ba, niƙaƙƙe ake aiko mata da shi. Abin da na fasa dutsen Iya don in nuna wa yara yana nan a filin makaranta, suna zama a kansa kullum suna rubutu da yatsa. Na gaya wa Kawu cikin zumuɗi. Ya ce da na tambaye shi da ya gaya mini, don duk mai haƙar rijiya ya san yashi yana ƙyalli, amma masu takarda ba sa tambayar mutumin da ke cikin rami.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Jakin ya ɗauki dutsen kwana shida bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, abin da Kawu bai fasa nuna mini ba a kowane zango.

Iya ta zagaya sabon dutsen sau biyu, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta shafa fuskarsa. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar dusa ta ajiye a gabansa, ta ce da Kawu:

“A gaya wa wancan, ni gwiwata ta tsufa da horon sabon dutse. Wanda ya san yadda ake fasawa ya koyi yadda ake lallashi.”

Haka na tuɓe rigar malanta na durƙusa a bayan zana, inda ba mai gani daga ƙofa. Kullum da safe kafin in tafi makaranta, da la'asar in na dawo. Ban san niƙa aiki ne na baya da kafaɗa da numfashi ba sai a lokacin, tafina ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Iya takan zo ta ɗebi abin da na niƙa ta sa a baki, ta tauna a hankali, in ji tsakuwa ta yi ƙaras a haƙorinta, ta gaya wa bango cewa da saura. Matan unguwa sun ji an kawo dutse, amma ba wadda ta leƙo. Sun saba da gidan Ya Kolo, kuma ba mai son ta zama ta farko da za ta kai wa mijinta tuwo mai yashi. Na fara tsoron cewa na kawo dutse amma ban dawo mata da gidanta ba.

Rana ta goma sha ɗaya da safe ta tauna, ta sake ɗiba ta tauna, ba ta ce wa bango kome ba. Ta kawo dawa mudu guda ta zuba mini. Ina cikin niƙawa, garin yana zuba fari a faifai, sai muka ji sallama daga zaure. Muryar matar liman ce, wadda in ta shiga gida sauran mata suke biyo ta. Iya ta yi wuf ta ture ni da gwiwar da ta ce ta tsufa, ta jefo mini rigata, ta kakkaɓe mini garin da ke gemuna da gefen mayafinta, abin da ba ta yi ba tun ina yaro. Ta durƙusa a wurina ta kama ɗan dutsen kamar tun asuba take kai.

Matar liman ta shigo da ƙwaryarta, ta gaisa, ta murza garin tsakanin yatsunta, ta ce ko za a ba ta wuri in an gama. Iya ba ta ɗago kai ba.

“Zauna a rumfa,” ta ce. “Akwai layi.”